Me ya sa baƙaƙen matan Amurka suke ware kukansu daga na sauran mata?

Ɗalibar Zariya ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ke wannan zaure. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a fannin nazarin zamantakewar al'umma, kuma a wannan zango an ba mu aiki a kan tarihin fafutukar 'yancin mata, wadda da yawanmu muka fi sani da sunan feminizim. Da na fara karatu na ɗauka tafiya ce guda ɗaya miƙaƙƙiya: matan Amurka sun nemi ƙuri'a har suka samu a 1920, daga baya a shekarun 1960 da 1970 suka tashi neman aiki da albashi daidai da na maza. Ina cikin haka sai na ci karo da rubuce-rubucen baƙaƙen matan ƙasar, waɗanda suke cewa wannan labari bai ƙunshi nasu ba. Wasunsu ma sun ƙi amsa sunan gaba ɗaya, kamar marubuciya Alice Walker wadda a 1983 ta fito da wata kalma dabam, wato womanism, domin bayyana irin tasu fafutukar.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mijin da ke dukan matarsa ba ya duba launin fatarta, haka mai kamfanin da ke tauye albashin mata. Wariyar launin fata kuwa ta shafi baƙaƙe maza da mata baki ɗaya, kuma akwai manyan ƙungiyoyi da suka tsaya a kanta. To idan akwai ƙungiyar da ke kare mata, akwai kuma wadda ke kare baƙaƙe, mene ne ya rage wanda baƙar mace za ta ce nata ne ita kaɗai? Ina tsoron kada ya zama raba kai ne kawai, tunda an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wata abokiyar karatuna ta ce duk maganar turancin jami'a ce da malamai suka ƙirƙira. Ina roƙon wanda ya san tarihin ya ba ni misalai na zahiri, masu suna da shekara, domin in san inda zan sa ƙafa.

Malamin Tarihi Mai Ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki tana da kyau, amma kin fara ƙirga daga 1920, alhali tushen maganar yana can baya. A 1662 majalisar yankin Virginia ta yi doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, ba na ubansa ba kamar yadda dokar Ingila ta saba. Ma'anar wannan ita ce duk abin da baiwa ta haifa dukiyar ubangidanta ne, ko da shi ubangidan ne ya yi mata cikin da ƙarfi. Bawa namiji an mallaki ƙarfinsa, ita kuwa an mallaki ƙarfinta a gonar auduga, an kuma mallaki mahaifarta. Farar mace ta wancan zamani tana cikin ƙunci na gaske, domin idan ta yi aure dukiyarta ta koma hannun miji, amma ba a taɓa ɗaukar ɗanta an kai kasuwa ba. Tun daga nan hanyoyin biyu suka rabu.

Duba rayuwar Sojourner Truth. An haife ta cikin bauta a jihar Niyok wajen 1797, an sayar da ita tana 'yar kimanin shekara tara haɗe da garken tumaki, ta tsere a 1826 da jaririyarta, sannan a 1828 ta shiga kotu ta ƙwato ɗanta da aka sayar zuwa Alabama ba bisa ƙa'ida ba. A 1851 ta yi jawabi a taron mata a garin Akron na jihar Ohio. Jawabin da duniya ta sani a yau, mai maimaita tambayar nan ta ko ita ba mace ba ce, wata farar 'yar fafutuka mai suna Frances Gage ce ta rubuta shi bayan shekara 12. Ta sa mata karin harshen bayin kudu a baki, alhali matar 'yar arewa ce wadda ta tashi da harshen Holan, ta kuma ce ta haifi 'ya'ya 13 alhali biyar ta haifa. Rahoton da aka buga makonni kaɗan bayan taron bai ƙunshi wannan tambaya ba. Ni wannan ya fi komai taɓa ni, domin ko a lokacin da aka ba ta wuri a tarihi, sai da aka sake mata murya ta dace da abin da masu sauraro suke tsammanin baƙar mace za ta faɗa.

Bayan yaƙin basasar Amurka masu neman 'yancin baƙaƙe da masu neman ƙuri'ar mata sun yi ƙungiya guda. A taron mata na 1866 a Niyok, mawaƙiya Frances Harper ta tashi ta ce wa fararen matan da ke wurin, ku kuna maganar haƙƙoƙi, ni kuwa ina maganar zalunci. Ta ba su labarin yadda ake hana ta shiga taragon haya a birnin Philadelphia saboda launinta, abin da ba ya faruwa ga ko ɗaya daga cikinsu. Da aka kawo gyaran tsarin mulki na 15, wanda aka tabbatar a 1870 ya ba baƙaƙe maza ƙuri'a ya bar mata duka, sai ƙungiyar ta tarwatse. Elizabeth Cady Stanton da Susan Anthony, fararen shugabannin masu neman ƙuri'ar mata, sun ƙi gyaran, kuma suna da hujjar jin haushi, sai dai Stanton ta riƙa kiran baƙaƙe da baƙin haure da sunayen wulaƙanci, tana tambayar yadda za a fifita su a kan mata masu ilimi. Ki sa kanki a matsayin Harper a ranar: ɓangare ɗaya zai ba mijinki da ɗanki ƙuri'a ya bar ki, ɗaya ɓangaren kuma yana zagin mijin naki da ɗan naki. Ta goyi bayan gyaran, amma ta san ba a ambace ta ba a ko'ina.

Abin ya ci gaba. A ranar 3 ga Maris 1913 aka yi babban jerin gwanon neman ƙuri'ar mata a Washinton, kuma domin kada a ɓata wa matan kudu rai aka nemi baƙaƙe su koma baya. Ida B. Wells, 'yar jaridar da ta tona asirin kisan gillar da taron farare ke yi wa baƙaƙe ba tare da shari'a ba, har aka lalata ofishin jaridarta a Memphis a 1892, ta zo ne cikin tawagar jihar Illinois. Da aka ce ta koma baya sai ta ƙi, ta shige cikin 'yan kallo, tawagar jiharta na isowa ta fito ta shiga tsakanin wasu fararen mata biyu da suka tsaya mata. Na ambaci waɗannan biyun da gangan, domin a kowane zamani an samu fararen mata masu gaskiya, kuma ba adalci ba ne a shafe su.

Shekarar 1920 da kika ambata kuwa, a takarda ta haɗa kowa. A jihohin kudu inda mafi yawan baƙaƙe suke, an tare hanya da harajin jefa ƙuri'a da jarrabawar karatu da barazanar kisa, kuma manyan ƙungiyoyin mata da suka ci nasara sun ɗauki wannan a matsayin matsalar launi wadda ba ta shafe su ba. Fannie Lou Hamer, mai aikin ƙodago a gonar auduga a Mississippi, sai a 1962 tana da shekara 44 ta ji cewa tana da ikon yin rajista. Ta je garin Indianola, aka ba ta jarrabawa a kan kundin tsarin mulkin jihar, kuma a ranar mai gonar da ta yi wa aiki shekara 18 ya kore ta. A 1963 aka yi mata dukan da ya lalata mata ƙoda da ido a ɗakin tsare mutane na garin Winona. Sai da dokar zaɓe ta 1965 ta zo kafin irinta su yi zaɓe a sake, wato shekara 45 bayan ranar da littattafanki suka ce mata sun samu ƙuri'a. Mu a nan bai kamata wannan ya zama baƙon abu gare mu ba, tunda matan kudancin Nijeriya sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, na Arewa kuwa sai 1979, bayan duk ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha.

Ungozoma a Amurka ta amsa:

Baba Malam ya yi bayanin ƙuri'a, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan ɗauko daga inda na sani, wato ɗakin haihuwa, domin na yi aikin ungozoma a gida kafin na zo ƙasar nan, kuma a nan ma shi nake yi.

Ƙanwata, kin san yoyon fitsari, babu wanda ya tashi a Arewa bai san matan da suka yi doguwar naƙuda suka ƙare da shi ba. Aikin tiyatar da ake ɗinke shi yana da tarihi mai ɗaci. Wani likita mai suna Marion Sims ne ya yi gwaje-gwajensa a birnin Montgomery na Alabama tsakanin 1845 da 1849, a jikin bayi mata da iyayengidansu suka kawo masa, ba tare da maganin kashe zafi ba. Sunayen uku kawai aka adana, Anarcha da Lucy da Betsey, kuma ita Anarcha an yi mata aiki har kusan sau 30. Ƙarfen buɗa gaba da ya ƙera har yau da sunansa ake kiransa, na riƙe shi a hannuna sau ba adadi kafin na san labarin. An gina masa mutum-mutumi a Niyok a matsayin uban likitancin mata, kuma sai a 2018 aka ɗauke shi bayan matsin lambar da baƙaƙen mata suka jagoranta.

Wannan ne ya sa idan aka zo maganar haihuwa, bakin ɓangarorin biyu bai zo ɗaya ba. Babbar buƙatar fararen 'yan fafutuka a shekarun 1970 ita ce a bar mace ta hana ɗaukar ciki ko ta zubar idan ta so, kuma a Janairun 1973 kotun ƙoli ta ba su abin da suke nema. A watan Yunin wannan shekarar dai, a Montgomery, aka ɗauki wasu 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya daga iyalin Relf, ɗaya mai shekara 14 ɗaya mai 12, aka juya musu mahaifa a ƙarƙashin wani shiri da gwamnatin tarayya ke ba kuɗi. Mahaifiyarsu ba ta iya karatu ba, ta yi alamar gicciye a wurin sa hannu tana zaton allurar tazarar haihuwa ce. Jihar North Carolina ita kaɗai ta yi wa mutum kimanin 7,600 irin wannan aiki tsakanin 1929 da 1974, kuma a shekarun ƙarshe baƙaƙen mata ne suka fi yawa a ciki. Ita kanta Fannie Lou Hamer da Baba ya ambata, a 1961 ta shiga asibiti a cire mata ƙari, aka cire mahaifar gaba ɗaya ba tare da an tambaye ta ba. Da baƙaƙe da matan asalin Latin Amurka suka nemi a sa dokar jiran kwana 30 tsakanin sa hannu da aikin juya mahaifa, wasu ƙungiyoyin da farare ke jagoranta sun yi adawa, suna ganin an sa wa mace shinge a kan abin da ta zaɓa. Kowa yana faɗin gaskiyar abin da ya gani ne, amma ɗaya likita yana hana ta abin da ta roƙa, ɗaya kuwa yana yi mata abin da ba ta roƙa ba. Shi ya sa a 1994 wasu baƙaƙen mata 12 suka zauna a Shikago suka ce adalci a harkar haihuwa dole ya haɗa da ikon mace ta haihu idan tana so, da ikon ta raini ɗanta a unguwar da ba za a harbe shi ba.

Kada ki ɗauka tarihi ne da ya wuce. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka na 2021 sun nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000, baƙaƙen mata kusan 70 ne suka rasu sanadin ciki ko haihuwa, farare kuwa kusan 27. Talauci kaɗai bai isa ya bayyana wannan ba, domin baƙar mace mai digiri ta fi farar da ba ta gama sakandare ba shiga haɗarin. Serena Williams, baƙar 'yar wasan tanis, da duk sunanta, bayan ta haihu a 2017 ta gaya wa ma'aikata cewa tana jin alamar gudan jini a huhu, cutar da ta taɓa yi, amma sai da ta nace kafin aka yi mata hoton da ya tabbatar da maganarta.

Zan faɗi abin da na gani da idona, ba tare da ambaton asibitin ba. Wata mai jego baƙar fata, malamar makaranta, kwana biyu da haihuwa, ta danna ƙararrawa cikin dare ta ce kanta yana sarawa kuma tana ganin walƙiya a idonta. Wadda ke kula da ita ta ba ta maganin ciwon kai, ta rubuta a takarda cewa mai jegon tana da yawan ƙorafi. Da na karɓi aiki na shiga, na same ta ta rufe ido da tafin hannu, mijinta yana tsaye a gefe yana magana ƙasa-ƙasa, daga baya ya gaya mini cewa yana tsoron idan ya ɗaga murya a kira masa masu gadi. Na auna jininta na ga ya hau matuƙa, irin wanda a gida muka san jijjiga ce ke biyo bayansa. Allah ya sa aka yi gaggawar ɗaura mata magani ta tsira. Ba zan iya rantsuwa a kan abin da ke zuciyar abokiyar aikina ba, amma na daɗe a wurin, na san waɗanda ake yawan rubuta wa kalmar ƙorafi, kuma mace ce ta rubuta wa mace 'yar'uwarta.

Lauya daga Kaduna ya amsa:

Malama ɗaliba, tambayarki ta cewa me ya rage idan akwai mai kare mata akwai mai kare baƙaƙe, kotu ta taɓa amsa ta, kuma amsar ce ta haifar da kalmar intersectionality, wato haɗuwar wariyar launi da ta jinsi a kan mutum ɗaya, irin abin da abokiyarki take kira turancin jami'a. A wata shari'a da aka yanke hukuncinta a 1976, wasu baƙaƙen mata biyar, a ƙarƙashin sunan Emma DeGraffenreid, sun kai kamfanin motoci na General Motors ƙara a birnin St. Louis. Kamfanin bai ɗauki baƙar mace aiki ba kafin dokar hana wariya ta 1964, kuma da tattalin arziki ya ja baya a farkon shekarun 1970 aka rage ma'aikata bisa ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya, sai dukan baƙaƙen matan da aka ɗauka bayan 1970 suka rasa aikinsu. Alƙali ya duba ya ga kamfanin ya daɗe yana ɗaukar mata, saboda haka ya ce babu wariyar jinsi. Game da launi kuma ya ce su je su haɗa ƙararsu da wata da baƙaƙe suka shigar. Da suka ce su abin da ya same su haɗin biyun ne, sai ya ƙi, yana ganin hakan zai buɗe wata sabuwar ƙofa da doka ba ta tanada ba. Matan da kamfanin ke nunawa farare ne, baƙaƙen da yake nunawa kuma maza ne, su biyar ɗin suka faɗa tsakani.

Wannan shari'a ce farfesar lauya Kimberlé Crenshaw ta ɗauko a wata maƙala ta 1989, ta kwatanta lamarin da mutumin da mota ta buge a mararraba. Motoci suna zuwa daga hanyar launi, suna zuwa daga hanyar jinsi, amma mai ba da agaji ya ce ba zai ɗauki wanda aka buge ba sai an tantance daga wace hanya motar ta fito. Saboda haka kalmar daga fayil ɗin kotu ta samo asali, daga matan da suka rasa albashi.

Akwai kuma batun aiki da ya kamata ki sa a rubutunki. Littafin Betty Friedan na 1963, wanda ake cewa shi ya farfaɗo da fafutukar, kukan matar aure ne mai ilimi da aka ajiye a gida tana son fita aiki. Baƙaƙen mata kuwa ba su taɓa daina aiki ba tun zamanin bauta. A 1940 fiye da rabin waɗanda ke aiki a cikinsu aikatau suke yi a gidajen mutane, kuma dokar fansho ta 1935 da ta mafi ƙarancin albashi ta 1938 duk sun tsallake masu aikatau da ma'aikatan gona. Sai a 1974 aka sa masu aikatau cikin dokar mafi ƙarancin albashi, da ƙoƙarin mutane irin su Shirley Chisholm, baƙar mace ta farko da ta shiga majalisar dokokin tarayya bayan zaɓen 1968. Marubuciya bell hooks ta yi tambayar da littafin Friedan bai yi ba, wato wa zai riƙe gida da yara idan uwargida ta fita ofis.

Uwar Biyu ta amsa:

Na karanta duk amsoshin, kuma na lura nauyin ya karkata kan fararen mata. Ina ganin ba a cika adalci ba idan aka tsaya nan, domin rabin tambayar 'yarmu a kan ƙungiyoyin baƙaƙe ne, kuma can ma an bar matan a baya. Ƙaurace wa motocin haya da aka yi a Montgomery a 1955, wanda ya fito da sunan Martin Luther King, wata malama ce mai suna Jo Ann Robinson da ƙungiyarsu ta mata suka kwana suna buga dubban takardun kira, kuma masu aikatau ne suka yi fiye da shekara guda suna tafiya a ƙasa. Amma a babban gangamin Washinton na 28 ga Agusta 1963, manyan masu jawabi duka maza ne. Daisy Bates ta samu 'yan kalmomi da ba su kai minti biyu ba, Dorothy Height kuwa, shugabar babbar majalisar baƙaƙen mata, tana kan dandamali ba a ba ta lasifika ba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne batun fyaɗe. A 1944 wasu farare shida suka yi wa wata matar aure mai suna Recy Taylor fyaɗe a Abbeville ta Alabama tana dawowa daga coci. Rosa Parks ce aka tura ta bincika, shekara 11 kafin ta ƙi tashi ta ba farar fata kujerarta a motar haya a Montgomery, amma har sau biyu masu tantance tuhuma, dukansu farare maza, suka ƙi gurfanar da kowa, kuma sai a 2011 majalisar jihar ta nemi gafara. A ɗaya gefen, an sha kashe baƙaƙe maza bisa ƙazafin sun taɓa farar mace. Saboda haka idan wanda ya ci zarafin baƙar mace ɗan'uwanta baƙi ne, tana tsakanin wuta biyu: ta yi shiru ta cutu, ko ta kira 'yan sandan da ta san abin da suke yi wa mazan unguwarsu, a ce ta ci amanar jama'arta. An ga wannan a 1991 lokacin da baƙar lauya Anita Hill ta ba da shaida a gaban majalisar dattawa cewa Clarence Thomas, baƙin alƙalin da aka gabatar domin kujerar kotun ƙoli, ya riƙa yi mata maganganun batsa a wurin aiki. Shi ya kwatanta zaman da kisan gilla na zamani, aka tabbatar da shi alƙalin kotun ƙoli da ƙuri'a 52 a kan 48, ita kuwa da yawa daga cikin baƙaƙe suka juya mata baya. Mata baƙaƙe kimanin 1,600 ne suka haɗa kuɗi suka sayi shafi a jarida domin su kare ta.

Game da tsoronki na raba kai, 'yata, ki nemi sanarwar da wata ƙungiyar baƙaƙen mata ta birnin Boston ta fitar a 1977, ƙungiyar da ta ɗauki sunan kogin Combahee inda Harriet Tubman, baƙar macen da ta tsere daga bauta, ta jagoranci harin da ya 'yanta bayi fiye da 700 a 1863. Sun rubuta a fili cewa ba su yarda da ware kai daga maza ba, suna yaƙi tare da mazansu a kan wariyar launi, suna kuma jayayya da su a kan danne mata. Taken nan na "ni ma an yi mini" da ya zagaya duniya a 2017 har ya iso Arewa a 2019, wata baƙar mace Tarana Burke ce ta fara shi tun 2006 tana aiki da 'yan mata marasa galihu, amma sai da taurarin fim suka ɗauka duniya ta saurara.

Ɗalibar Zariya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Malam, Anti Ungozoma, Barista da Mama Uwar Biyu, Allah ya saka da alheri. Na sauya tsarin aikin nawa, zan gina shi a kan shari'ar 1976 da labarin Fannie Lou Hamer, tunda a rayuwarta ita kaɗai an ga maganar ƙuri'a da ta gona da ta mahaifa. Tambayar wa zai riƙe gida idan uwargida ta fita ofis ta hana ni sakat tun jiya, domin a gidan da nake zaune akwai yarinya 'yar aikatau da aka kawo daga ƙauye, ba ta wuce shekara 13 ba, ita ke wanke-wanke da raino lokacin da nake aji, kuma launinmu ɗaya da ita. Na ji an ce ƙungiyar Mata a Nijeriya da aka kafa bayan wani taro a nan Zariya a 1982 ta haɗa maganar jinsi da ta talauci tun daga farko. Idan akwai wanda ya halarci tarukanta ko yake da takardunta na wancan lokaci, ina roƙon ya gaya mini abin da suka ce game da 'yan aikatau, domin ina so in ƙara babi a kansu kafin in miƙa aikin ƙarshen wata.